Darasi na 9: Idan Giraf Ya Ƙi Nunawa, Taga Kuma Ta Ƙi Daidaituwa

A darussan baya kun haɗa shirinku na farko a LabVIEW, kun ja waya daga na'urar awon zafi zuwa giraf, kun ga layi yana tafiya. Darasin yau na ranar da layin ya ƙi fitowa ne, ko ya fito a hargitse, ko kuma kuka ɗauki shirin zuwa kwamfutar wani kuka tarar maɓallai sun hau kan juna, rabin giraf ya shige bayan gefen sikirin. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya sha cin karo da irin wannan rana, kuma kusan kullum dalilin ɗan ƙarami ne, in an san inda za a duba.

Kamfanin National Instruments da ke Austin, a jihar Texas ta Amurka, shi ya fitar da LabVIEW a 1986, a kan kwamfutar Macintosh. Sai a 1992 ta iso Windows. Jeff Kodosky, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa kamfanin a 1976, shi ake kira uban manhajar. Ku riƙe sunan Macintosh da shekarar 1986, domin biyu daga cikin matsalolin da za mu warware gadon wancan zamani ne: agogon da manhajar ke ƙirga lokaci da shi, da kuma yadda take auna duk abin da ke fuskar shiri da ɗigon sikirin, ɗaya bayan ɗaya.

Kun riga kun san kowane shiri fuska biyu gare shi. Akwai fuskar gaba, inda maɓallai da giraf suke, wadda mai amfani ke kallo. Akwai zanen wayoyi, inda ainihin aikin ke gudana. Danna Ctrl da E tare yana kai ku daga wannan zuwa wancan. Yau za ku yi ta wannan zirga-zirga, saboda a fuskar gaba ake ganin ciwon, amma sau da yawa a zanen wayoyi tushensa yake.

A fara daga waya

Sabon koyo in ya ga giraf wayam, abin da ya fi saurin yi shi ne ya goge shi ya ɗauko wani. Da wuya hakan ya yi magani. Giraf kamar kan famfo yake: in bututu ba ruwa, ko sau goma aka sauya kan, ba abin da zai zubo. Bututun a nan shi ne wayar da ke shiga giraf, don haka ita za a fara bincika.

Ku kai linzami kan wayar, ku danna ɓangaren dama, ku zaɓi abin da aka rubuta wa "Probe". Wata 'yar taga za ta buɗe tana nuna ainihin lambobin da ke bi ta wayar yayin da shiri ke aiki. Gani ya kori ji. In lambobi na wucewa kuma daidai suke, laifin yana wajen giraf. In ba abin da ya wuce, ku bar giraf ya huta, ku bi wayar baya. Akwai kuma hoton ƙwan fitila a saman zanen wayoyi. In kuka kunna shi, shirin zai rage gudu ƙwarai, ku riƙa ganin bayanai suna tafiya a kan wayoyi kamar ƙananan ƙwallaye. Ku tuna ku kashe shi in kun gama, domin muddin yana kunne shirin ba zai yi gudunsa na gaskiya ba.

Dokar LabVIEW ita ce babu abin da zai yi aiki sai duk wayoyin da ke shiga cikinsa sun kawo nasu kayan. Daga wannan doka kuskuren da ya fi kowane yawa yake fitowa. Mutum ya sa karatun na'ura cikin akwatin maimaitawa, amma ya ajiye giraf a wajen akwatin. To akwatin ba ya sakin komai waje sai ya gama zagayensa, ke nan giraf zai zauna fanko har sai an tsayar da shi. In kuma da jan maɓallin nan na saman taga aka tsayar, wanda ke yanke shiri nan take, to giraf ba zai sami komai ba sam. Mai son ganin layi yana tafiya kai tsaye sai ya shigar da giraf cikin akwatin, ya kuma yi wa shirinsa maɓallin tsayawa na kansa.

Wani lokaci lambobi na wucewa, amma a cikinsu akwai NaN, wato sakamakon lissafin da ba shi da amsa, kamar raba sifili da sifili. Giraf ba ya zana NaN. Giɓi yake bari. In duk jerin NaN ne, ba layin da zai fito. Wannan hali yana da amfaninsa: in wayar na'ura ta cire, gara ku tura NaN da gangan a ga giɓi, da ku tura sifili mai kallo ya zaci zafi ne ya faɗi ƙasa warwas. Ku duba launin waya ma. Ruwan lemo na lambobi masu ɗigo ne, shuɗi na cikakkun lambobi. In zafin 37.6 ya bi ta shuɗiyar waya zai koma 38, layinku ya fito kamar matakala. Ɗan jan ɗigo a bakin shigar waya shi ke shaida muku an tilasta wa lamba sauya iri. Kuma kada ku raina abu mai sauƙi: baƙin layi a kan baƙin fili yana nan, ido ne kawai ba ya ganinsa.

Mai tarawa da mai shafewa

A cikin kayan fuskar gaba akwai abubuwa biyu kusa da juna, kamanninsu ɗaya, halinsu daban. Na farko an rubuta masa "Waveform Chart", mu za mu kira shi giraf mai tarawa. Shi kamar littafin mai shago yake: duk lambar da ta zo sai ya rubuta ta bayan ta baya, yana riƙe da tarihi. Na biyu "Waveform Graph", giraf mai shafewa, shi kuwa kamar allon almajiri: sabon karatu in ya zo, sai a wanke na da gaba ɗaya a rubuta sabo. Jeri guda cikakke yake karɓa a lokaci ɗaya.

Ga yadda rikicin ke faruwa. Ɗalibi ya ɗauko mai shafewa, ya ja masa wayar lamba ɗaya tak, wayar ta karye. Don ya gyara, sai ya mayar da lambar jeri mai ɗauke da abu ɗaya. Wayar ta haɗu, shiri ya tashi, amma ba layi. Dalili kuwa a kowane zagaye ana wanke allo a ɗiga ɗigo ɗaya, kuma ba a jan layi da ɗigo ɗaya. In karatunku ɗaya-ɗaya yake zuwa, mai tarawa ne naku. In dunƙule yake zuwa, dubu ɗaya a karo guda, mai shafewa ya fi dacewa. In kuwa tazarar da ke tsakanin awo ba ɗaya ba ce, ko kuna son zana wani abu a kan wani, misali ƙarfin wutar farantin sola a kan yawan wutar da yake bayarwa, akwai na uku mai suna XY, wanda ake ba shi lambobin kwance da na tsaye tare.

Littafin mai tarawa yana da iyaka. In ba ku sauya ba, lambobi 1024 yake riƙewa, duk sabuwar da ta shigo bayan haka sai mafi tsufa ta fita. Mai karatu sau ɗaya a daƙiƙa, tarihin minti 17 da daƙiƙa 4 kawai yake da shi. Don ya ga na kwana guda cur sai ya ɗaga adadin zuwa 86,400, ta danna dama a kan giraf ya zaɓi "Chart History Length". Ko bayan haka, abin da ido zai gani ya dogara ga faɗin da aka ba layin kwance. In daga 0 zuwa 100 aka bar shi, ɗari na ƙarshe kawai za su bayyana, sauran suna ɓoye sai an fito da sandar gungurawa. Haka kuma mai tarawa ba ya mantuwa don an tsayar da shiri: in kuka sake tayarwa, sabon karatu zai ɗora a kan na ɗazu. A share shi a farkon kowane aiki, ko da hannu ko ta aika masa jeri fanko a matsayin tarihi.

Akwai wani tarko da ke kama har gwanaye. Ku ɗauka na'urori biyu gare ku, kowace ta ba da awo 500, kun jera su a teburi mai layuka da ginshiƙai. Mai shafewa yana ɗaukar kowane layi na kwance a matsayin zane ɗaya, shi kuwa mai tarawa, yadda yake zuwa, ginshiƙi yake ɗauka. In teburin ya shiga a juye, maimakon layi biyu masu ɗigo 500 za ku ga layi 500 masu ɗigo bibbiyu, launuka birjik kamar zaren da ya cukurkuɗe. Da kun ga haka, ku danna dama a kan giraf ku taɓa "Transpose Array", teburin ya juya.

Ma'auni

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan giraf ke ruɗin mutum alhali kowace lamba daidai take.

Na taɓa koyar da wani magidanci mai kiwon kaji, wanda ya haɗa shiri don sa ido kan zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai. Wata safiya ya zo hankalinsa a tashe. "Malam, injina ya lalace, zafi sai hawa da sauka yake kamar tsaunuka." Har ya yi niyyar kwance na'urar ɗumamawar. Na ce masa, "Alhaji, bar kallon layin tukuna, karanta mini lambobin da ke gefen hagu." Ya karanta: ƙasa 37.4, sama 37.6. Duk tsaunukan nan kashi biyu cikin goma na digiri ɗaya ne, kuma zafin da ƙwan kaza ke so ke nan. Injinsa lafiya lau yake.

Abin da ya faru shi ne ma'auni mai daidaita kansa yana kunne. Aikinsa shi ne ya nemi lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma, ya shimfiɗa tsakaninsu ya cika fili, ko tazarar babba ce ko 'yar mitsitsiya. Da muka kashe shi muka rubuta 30 a ƙasa, 45 a sama, sai layin ya kwanta luf. Amma kishiyar haka ma tana faruwa, kuma ta fi haɗari. Waya ta ɗan saki, na'ura ta harbo lamba ɗaya ta hauka, a ce 2000, ma'auni ya buɗe har can don ya ɗauke ta, duk sauran karatun ya danne a ƙasa kamar miƙaƙƙen zare. A cikin wannan zaren zafi zai iya hawa daga 37 zuwa 42 ba wanda ya lura, ƙwai su lalace. In kuma aka kashe mai daidaita kansa aka bar ma'auni daga 0 zuwa 10, to 37 tana can sama da rufin, giraf ya zama kamar fanko.

Shawarata ita ce: lokacin da kuke neman matsala, ku kunna shi, domin zai nemo muku layin duk inda ya shiga. Ranar da za ku miƙa shiri ga mai amfani kuwa, ku kashe shi, ku zaɓi iyaka da kanku bisa sanin abin da ake aunawa. Batirin sola mai bolt 12, a ba shi daga 10 zuwa 15. Mai kallon yau da gobe yana sabawa da inda layi ya kamata ya zauna, ya gane matsala daga nesa. Ma'aunin da ke sauyawa kowace daƙiƙa yana ƙwace masa wannan sabo.

In kun lura filin zane yana ɗan tsalle hagu da dama, lambobin gefe ne ke ƙara tsawo, kamar daga 99 zuwa 100, giraf yana matsawa ya ba su wuri. A cikin zaɓuɓɓukan da danna dama ke kawowa akwai "Auto Adjust Scales". In an cire alamarsa filin zai tsaya cak, sai dai ku bar wa lambobin isasshen wuri tun farko.

Layin kwance kuma nasa ruɗin daban ne. In lambobi zalla kuka ba giraf, bai san lokaci ba, ƙirga ɗigo kawai yake: 0, 1, 2, 3. Mai karatu sau biyu a daƙiƙa zai ga 60 ya zaci minti ɗaya ne, alhali rabin minti ne. Gyaran shi ne a faɗa wa ma'aunin kwance tazarar da ke tsakanin awo, a nan 0.5, ko kuma a tura bayanan cikin ƙunshin da ke ɗauke da abu uku: lokacin farawa, tazara, da jerin lambobin.

Ga kuma gadon Macintosh. LabVIEW tana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga tsakar daren 1 ga Janairu, 1904, agogon duniya. In kuka ce giraf ya nuna kwanan wata amma ba ku ba shi lokacin farawa ba, sifili zai ɗauka. A Najeriya da Nijar, da muke gaba da agogon duniya da awa ɗaya, za ku ga ƙarfe 1:00 na dare, 1904. A Gana ƙarfe 12:00 daidai. A Amurka kuwa yammacin 31 ga Disamba, 1903. Da kun ga wannan shekara, kun san lokacin farawa ne babu. Akwai ɗan'uwan wannan kuskure. Na'urori da manhajoji da yawa daga 1 ga Janairu, 1970 suke nasu ƙirgen. In kuka shigo da irin wannan lokaci kai tsaye, awon 2024 zai fito a 1958, baya da shekara 66. Sai a ƙara masa daƙiƙa 2,082,844,800, wato tazarar da ke tsakanin mafarin biyu.

Layin ƙarya da giraf mai nauyi

Wutar lantarkin gidajenmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. In kuka aune ta sau 50 a daƙiƙa, kowane awo zai faɗo a wuri ɗaya na zagayen, giraf ya nuna miƙaƙƙen layi. In sau 60 kuka auna, za ku ga kyakkyawar igiya mai juyawa sau 10, wadda babu ita a zahiri. Ƙa'idar da ake jinginawa ga Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce dole saurin awo ya wuce ninki biyu na saurin abin da ake aunawa. Don siffar ta fito sosai a ido kuwa, a ninka sau goma ko fiye. Awo 1000 a daƙiƙa yana ba kowane zagaye ɗigo 20. Ina roƙonku, kada kowa ya haɗa wutar bango kai tsaye da na'urar awo don gwada wannan. A aji da injin samar da sigina za mu yi.

Shirin da ya fara da sauri ya koma jan ƙafa bayan 'yan awoyi, yawanci jeri ne ke ta kumbura a cikinsa. Lamba mai ɗigo irin wadda aka saba amfani da ita tana cin bayit 8. Awo 1000 a daƙiƙa ya kama megabayit 28.8 a awa, sama da 690 a kwana, kuma giraf yana riƙe nasa kwafin daban. Alhali filin zane mai faɗin ɗigo 1000 ba zai iya nuna awo miliyan ba. Dubu-dubu za su taru a kan kowane ɗigo. A rubuta cikakkun bayanai a fayil, a ba giraf taƙaitacce: daga kowane rukuni a ɗauki mafi ƙanƙanta da mafi girma, don kada tsinin da ya yi sama ya ɓace. Kuma sabunta giraf sau goma a daƙiƙa ya ishi ido. Akwatin maimaitawar da ba a sa masa ɗan jira ba yana cinye ƙarfin kwamfuta har linzami ya riƙa sanƙarewa.

Taga

Yanzu mu koma ɗaya gadon. Duk abin da kuka ajiye a fuskar gaba, wurinsa da girmansa da ɗigon sikirin aka rubuta su. Fuskar da kuka shimfiɗa ta cika sikirin mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye ba za ta shiga ƙaramar kwamfutar cinya mai 1366 da 768 ba, balle majigin aji mai 1024 da 768. Abin da ya yi saura sai ya faɗa waje, kuma sau da yawa maɓallin tsayawa ne, tunda a ƙasan dama aka fi sa shi. Saboda haka kafin ku ajiye maɓalli ko ɗaya, ku tambayi wace ce mafi ƙanƙantar kwamfutar da shirin zai hau, ku gina daidai ita. Faɗaɗa ƙaramar fuska abu ne mai sauƙi. Matse babba kuwa wahala ce. In kun gama, ku shiga kaddarorin shiri, sashen girman taga, ku mayar da girman yanzu ya zama mafi ƙarancin da aka yarda, yadda ba wanda zai iya matse ta ƙasa da haka.

A wannan sashe za ku ga zaɓin da ke cewa a faɗaɗa dukkan abubuwa tare da taga. Yana da jan hankali, danna ɗaya an gama. Ni ban yarda da shi ba, kuma ga hujjata. Haruffa ba sa girma tare da shi, sai ka ga ƙaton maɓalli da ɗan rubutu a tsakiya. Akwatin lamba faɗi kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara tsawo. Mafi muni, tunda babu rabin ɗigo, duk jan da aka yi wa taga sai an ɗan cike ko an rage a lissafi. Bayan an ja an matse sau da yawa, abubuwan da kuka jera a layi ɗaya sun goce. In har kun gwada shi, kada ku adana shirin bayan kun yi ta ja, don gocewar za ta zauna.

Hanya ta biyu ta fi tsabta: a zaɓi abu ɗaya, wato giraf, a danna dama a taɓa "Scale Object with Pane". Shi kaɗai zai riƙa girma da raguwa, sauran su matsa su ba shi wuri ba tare da sun sauya girma ba. Za ku ga siraran layuka masu ruwan toka sun fito daga gefunansa, suna nuna yankunan da sauran abubuwa ke bi. Ga fuskar da ke da giraf ɗaya da 'yan maɓallai, wannan ya wadatar. Iyakarsa ita ce abu ɗaya kawai, ko rukuni ɗaya da aka ɗaure tare, ake yi wa haka a fage guda.

Mai giraf biyu ko fiye sai ya kafa danga. Sandar raba taga, wadda ke cikin kayan fuskar gaba, tana yanka taga gida biyu, a tsaye ko a kwance, kowane gida ya zama fage mai cin gashin kansa, kamar yadda danga ke raba tsakar gida. Ga tsarin da nake koya wa kowa. Ku kafa danga a tsaye kusa da hagu, ku tara duk maɓallai a wannan siririn fage. Ku danna dama a kan dangar ku ce ta manne wa hagu, yadda fagen maɓallai ba zai sauya faɗi ba, duk ƙarin wuri ya tafi dama. A fagen dama ku sa giraf, ku zaɓi "Fit Control to Pane", ya cika fagen baki da baki ya kuma riƙa bin girmansa. In giraf biyu ne, ku sake yanka fagen dama a kwance, ku ce wannan danga ta biyu ta riƙa raba wuri bisa kaso, kowane giraf ya sami rabonsa. Daga nan ku kulle dangar da ba ku so a ja, ku kashe sandunan gungurawa na kowane fage. Aikin minti goma ne, amma fuskar da aka gina haka tana zama daidai daga ƙaramar kwamfuta har babban talabijin.

Abu biyu ƙanana sukan ɓata wannan aiki. Kowane fage yana da mafari, wata 'yar alama a kan layukan fili. In kuka gungura fage kuka adana a haka, a goce zai buɗe wa mai amfani. Ku mayar da mafarin kusurwar sama ta hagu kafin adanawa. Na biyu, in sandar gungurawa ta nuna akwai fili mai nisa alhali ba ku sa komai can ba, wani lakabi ne ko maɓalli ya ɓace a can. Ku bi shi ku dawo da shi. Taga kuma da ta ƙi bayyana sam, wataƙila an adana ta ne a kan sikirin na biyu wanda yanzu babu shi. A Windows, riƙe maɓallin tambarin Windows da Shift tare da kibiyar hagu ko dama yana jawo ta. Maganin dindindin shi ne a saita shirin ya riƙa buɗewa a tsakiyar babban sikirin.

Haruffa

Saura matsalar da ta fi ba mutane mamaki: sikirin iri ɗaya, girma ɗaya, amma a kwamfutar abokinku rubutu ya kumbura ya hau kan maɓallai. Dalili biyu ne. Na farko, salon haruffan da LabVIEW ke sawa da kanta suna ne kawai na wakilci. Kowace kwamfuta tana cike gurbin da nata salon da nata girman. Ku zaɓi dukkan rubutun fuska ku ba shi salo mai suna, kamar Arial ko Tahoma, da girma tsayayye, ku kuma bar ɗan sarari bayan kowane lakabi. Na biyu, Windows tana da nata ƙarin girma: kashi 100, 125, 150. Sikirin mai 1920 da 1080 da aka sa wa 150, wurin da yake ba shiri daidai yake da 1280 da 720 kawai. Kwamfutocin cinya da yawa da 125 ko 150 suke zuwa daga kanti, mai su bai ma sani ba. In fuska ta ƙi shiga ko rubutu ya yi dishi-dishi, wannan saiti za ku fara dubawa.

Masu son rubuta lakabi da Hausa, abin da nake ƙarfafa ku a kai, ku sani fitowar LabVIEW da dama ba sa karɓar ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, sukan mayar da su alamar tambaya. Ku gwada a kwamfutar da shirin zai zauna kafin ku rubuta lakabi hamsin.

Aikin gida

1. Ku haɗa shiri mai fitar da lamba ɗaya kowace rabin daƙiƙa. Ku sa mai tarawa a cikin akwatin maimaitawa, mai shafewa a waje. Ku rubuta abin da kowanne ya nuna lokacin aiki, da bayan tsayawa da maɓallinku, da bayan yankewa da jan maɓalli.

2. Ku gyara layin kwance na mai tarawar ya nuna daƙiƙoƙi na gaskiya, sannan ku lissafa tsawon tarihin da ake bukata don riƙe awa uku.

3. Ku cusa lamba 2000 sau ɗaya cikin karatun da ke tsakanin 37 da 38. Ku kalle shi da ma'auni mai daidaita kansa, ku sake kallo da iyakar 30 zuwa 45. Wanne za ku ba mai kiwon kaji, kuma me ya sa?

4. Ku gina fuska mai danga biyu da giraf biyu kamar yadda aka bayyana.

Wannan na huɗu kada ku tsaya a kwamfutarku. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku kai shirin kwamfutar wani ɗan ajinku wadda girman sikirinta ya bambanta da taku, ku buɗe, ku ja tagar ku matse ta, ku sauya ƙarin girman Windows daga 100 zuwa 150, ku rubuta duk abin da ya goce. Ku zo da wannan takarda da shirin a darasi na gaba, za mu haɗa kowanne da majigin aji mu duba tare.